Katakon bayan Fijon Baba

Peugeot 504 ce, fara, harhaɗar kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara fitar da motoci a 1975. Baba ya saye ta sabuwa fil da bashin mota lokacin yana aikin gwamnati, bayan rasuwarsa kuma ta faɗo hannuna a rabon gado. Inji lafiya lau. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne katakon nan na bayan kujerar baya, ƙarƙashin gilashi, inda Baba ke ajiye hularsa da sallaya in za mu gida hutun Sallah. Ya kumbura ya bankare, ledar kansa ta tsattsage, ga manyan ramuka biyu da wani mai haɗa rediyo ya taɓa yankawa don sifika.

Ranar wata Asabar na tube riga na fara. Sai an ɗaga mazaunin kujera an fitar, sannan a kwance majingina, kafin hannu ya kai ga katakon. A ƙarƙashin kujerar na tsinci kwabo biyu da ƙwayar carbi guda, na ɗan jima riƙe da su kafin na ci gaba. Da na ja katakon sai ya rabu uku a hannuna, don ya riga ya ruɓe. Har na nufi bola da shi, sai wani dattijo mai aikin kushin da ke maƙwabtaka da mu ya tare ni.

"Ɗana, ina za ka kai shi? Ai shi ne ma'auninka. In ka yar, da me za ka yanka sabo?"

Na ce, "Kawu, ai ya karye."

Ya ce in haɗa gutsattsarin a kan kwali, in zana da biro, har da ramukan maƙalai. Haka na yi, na yi ta gwada kwalin a cikin mota ina ragewa da almakashi har ya zauna daidai.

Shi ne kuma ya nuna mini tsatsa a kusurwar hagu ta ƙarfen da katakon ke zama a kai. Ni duk a zatona rana ce ta cinye shi, ashe ruwa ne. Na sa ƙanena ya shiga ciki, ni kuma na riƙa tsiyaya ruwa da buta a kan gilashin baya. Ba a jima ba ya ce ga shi nan yana ɗiga. Robar gilashin ta bushe ta yi tauri, ta tsage a kusurwa, duk damina ruwa na bi ta nan yana kwanciya a ƙarƙashin katako. Da na sa sabo a haka, damina biyu ta ishe shi.

Sai aikin ya koma na roba. Na samo sabuwa a kasuwar Panteka, na kira mai sa gilashi, don gilashin tsohuwar mota ba abin wasa ba ne. Ya zura igiya a cikin kwarin robar, ya shafa ruwan sabulu, mu biyu muna danna gilashin daga waje da tafin hannu, shi kuma yana jan igiyar daga ciki a hankali har leɓen robar ya hau ƙarfe. Kafin nan na goge tsatsar da samfefa har ƙarfe ya yi fari, na shafa jan fentin hana tsatsa sau biyu.

Sabon katakon filawud ne mai kaurin milimita 4, domin mai kauri ba zai shige ƙarƙashin leɓen roba ba. Na yanka shi da ɗan rara, na riƙa gogewa ina gwadawa, sannan na shafe shi da banish ciki da baya, musamman gefuna, inda katako ke fara shan ruwa.

Kuskurena ɗaya na zo da shi a ƙarshe. Baƙar leda mai sheƙi ta ba ni sha'awa, na manna ta. Washegari da tsakar rana na hau titi, na dubi madubi, sai hoton ledar nake gani a jikin gilashi, motar da ke bayana kuwa dishi-dishi. Na tsorata ƙwarai. Na koma na ɓamɓare ta, na sayo yadi mai kauri marar ƙyalli, ruwan ƙasa irin na kujerun, da siririn soso a ƙarƙashinsa. Kawu ya koya mini in shafa gam a ɓangarorin biyu, in jira har ya daina bin yatsa, sannan in manna daga tsakiya zuwa gefe don kada ya yi tattara.

Sifika ban mayar ba. Ruwan farko na bana ya same ni a hanyar Zariya, na tsaya a gefen titi na shafa kusurwar hagu, na ji ta a bushe. Hular Baba tana nan a wurinta.