Darasin teburin fassara: "treacherous" ba kullum take nufin cin amana ba

Duk wanda ya zauna a teburin fassara na gidan rediyo a Kano ya san yadda labari ke zuwa: da Turanci, daga kamfanin dillancin labarai na NAN ko daga kakakin 'yan sanda a Bompai, ana saura minti goma a shiga ɗakin karanta labarai. A irin wannan gaggawar ce "treacherous" take kayar da sababbin ma'aikata, har da waɗanda suka fito da digirin Turanci daga Jami'ar Bayero.

Matsalar ita ce kalmar tana da gida biyu. Idan mutum take siffantawa, ma'anarta maci amana, maha'inci, mai zamba cikin aminci. Idan kuwa hanya ce, ko ruwa, ko yanayi, nufinta haɗarin da ba ya nuna kansa. Ɗalibi yakan haddace ta farkon saboda ita ake yawan kawowa a jarrabawa, sai ya ɗora ta a ko'ina. Daga nan ake jin "mayaudariyar hanya", wanda dariya kawai zai jawo. Wanda ba na dariya ba shi ne jimla irin "the convoy took a treacherous route". Da sabon ma'aikaci ya ga sunan ɗan siyasa a farkon labarin, sai ya rubuta cewa tawagarsa ta bi hanyar cin amana. A garin da ake kwana ana sauraron shirye-shiryen siyasa, kafin a gama labarai wayar manaja ta fara ƙara, gobe kuma ga wasiƙar lauya.

Maganin ba shi da wuya. Kafin ka rubuta komai, nemo sunan da kalmar take jingine da shi, ka tambayi kanka: yana da rai da niyya? In babu, cire amana daga zancen gaba ɗaya. Sai dai "mai haɗari" kaɗai ba ta isa ba, domin wannan fassarar "dangerous" ce. Wutar da ke ci a kasuwa kowa na ganinta, don haka ba a kiranta "treacherous". Amma titi bayan ruwan Agusta, lokacin da ruwa ya shafe kwalbati da lambatu suka zama daidai da kwalta, mai adaidaita sahu yana tafe yana zaton ƙasa ce a gabansa, wannan ita ce ainihin kalmar. Sai ka ƙara abin da zai nuna ɓoyon: hanya mai haɗarin da ido ba ya gani, ruwan da ke kwance a sama yana ja a ƙasa, hazon da ke rufe wa direba gabansa. Haka za ka yi da labarin masu ratsa Sahara daga Agadas zuwa Libiya, da na masu tsallaka Bahar Rum a kwale-kwale. Hausar za ta fi Turancin tsawo da kalma huɗu ko biyar, kuma babu laifi.

Idan ta tabbata mutum ake nufi, kada tasha ta ɗauki maganar a bakinta. A rubuta "ya zarge shi da cin amana", a faɗi wanda ya yi zargin.

'Yan'uwan kalmar ma suna da nasu rikicin, musamman a labaran kotu. "Treason" cin amanar ƙasa ne, irin tuhumar da aka yi wa Abiola a 1994. Shi kuwa "cin amana" da ake ji kullum daga kotunan majistare na unguwar Nomansland a Kano, na ɗan kasuwar da aka ba ajiya ya cinye, shi ne "criminal breach of trust" na sashe na 311 da 312 na kundin Penal Code. Ba a haɗa su, kuma "treachery" ba ko ɗaya ba ce daga cikinsu. Wajen furuci, gaɓar farko ta "treacherous" "tre" ce, da wasali kamar na "bread", ba "tri" ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, irin wannan kuskure ba ya fita iska sai ya bi ta hannun edita. Shi ne ya riƙe labarin har lokaci ya ƙure, shi ne ya sa hannu bai karanta ba, amma da safe takardar tuhuma sunan ƙaramin ma'aikaci take ɗauke da shi, ga yankan albashin da dama ba ya kai wata. Babu wanda zai ce "Ranka ya daɗe, ai kai ka duba", don an san sakamakon. Saboda haka ka ajiye kwafin Turancin da aka ba ka, ka rubuta lokacin da ya iso hannunka a samansa, ka kuma tabbata sa hannun edita yana jikin fassararka kafin ta shiga ɗakin karatu. In jimla ta shige maka duhu, kira wakilin da ya aiko labarin, ko da saura minti uku.