Yadda na kusa binne jemagu a silin ɗin ɗakin yarana

Wari ne ya fara tona musu asiri. A ɗakin yara, a gidanmu na Gwammaja, wani zarni ya ƙi fita duk da turaren wutar da uwargida take sakawa safe da yamma. Sai tabo ya bayyana a silin, da dare kuma mu riƙa jin tsuwa. Na ce ɓeraye ne. Ranar da Hajiya ta ga jemage ɗaya ya faɗo tsakar gida da magariba, ta ce a nemi tsari, jemage ba ya shiga gida banza. Ƙanina kuwa ya rantse jinin yara zai tsotsa, wai a waya ya gani.

Washegari da tsakar rana na hau tsani, na liƙe duk wata kafa da ke tsakanin kwano da bango da siminti. Ban tuna cewa a lokacin suna ciki suna barci ba. Kafin kwana uku, biyu daga cikinsu sun ɓullo cikin ɗaki ta ramin fanka, yara suna ta ihu.

Maƙwabcina likitan dabbobi ne. Da ya leƙa sai ya ce, "Malam, ai kabari ka gina musu a saman kan 'ya'yanka." Ya sa safar hannu, ya ɗauki ƙwayar kashi ɗaya ya murza, ta zama gari, da ɗan ƙyalli-ƙyalli a ciki. Fukafukan ƙwari ne, in ji shi. Kashin ɓera tauri gare shi, ba ya murjewa haka. Waɗannan ƙanana ƙwari suke ci, har da sauro, kuma ba sa gaigayar wayar lantarki ko katako kamar ɓera. Zancen shan jini kuwa, a cikin nau'in jemage sama da 1,400 uku ne kacal ke yi, dukansu a nahiyar Amurka, daga Meziko zuwa kudu. Ba makafi ba ne, suna gani, sai dai a duhu sun fi dogara da amsa-kuwwar sautin da suke fitarwa. Har batun kashi ta baki da muka taso muna ji ya warware mini: manyan da ke sauka kan mangwaro da darbejiya ruwan 'ya'yan itacen suke tsotsewa su tofar da tuƙar, ita mutane ke gani a ƙasa.

Inda ya ɗaure fuska shi ne da na ce na riga na share kashin da tsintsiya, busasshe, ba takunkumi. Tsohon kashin jemage kan haifar da wata funfuna, idan aka shaƙi ƙurarta tana iya kama huhu. Sai cizo. Jemage na iya ɗaukar cuta dangin haukan kare, akwai ma wadda aka fara ganowa a jikin jemage a Legas a 1956. Wanda ka tsinta a ƙasa da rana wataƙila ba shi da lafiya, kada yaro ya taɓa shi. Idan ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a nufi asibiti ranar. Gabana ya faɗi, don ɗana na tsakiya har da fiffike ya ɗaga wanda ya faɗo yana nuna wa Hajiya. Allah Ya tsare, bai cije shi ba.

Na fasa simintin a wuri ɗaya. Da magariba muka tsaya muna kallo suna fita ta kafar da da ƙyar babban yatsa zai shiga. Likita ya hau ya tabbatar babu jarirai, don uwa shayarwa take yi, idan aka hana ta komawa 'ya'yan mutuwa za su yi a ciki su ruɓe. Sannan na sayo raga a Ƙofar Ruwa, kafinta ya kafa ta daga sama ya bar ƙasanta a sake, su iya fita, komawa ta gagara. Bayan mako guda muka toshe gaba ɗaya.

Kashin da ya rage mun yayyafa masa ruwa tukuna, muka kwashe da takunkumi a fuska. Likita ya ce kada a zubar, taki ne, ya tafi da shi gindin lemonsa. Hajiya dai har yau tana nan kan bakanta, addu'arta ce ta kore su.