Yadda Muka Tsare Tsofaffin Bishiyoyin Unguwarmu

Unguwarmu tana gefen birnin Kano, ta wajen Danbare a kan hanyar Gwarzo, irin unguwannin nan na awon igiya da duk gonaki ne kafin gari ya cim musu. Gadon da manoma suka bar mana shi ne bishiyoyin da kakanninsu suka ƙi sarewa: gawo, tsamiya, ɗorawa, da wata ƙatuwar kuka a bakin kududdufi. Amma duk wanda ya sayi fili, kafin ma a haƙa harsashi sai ya kira masu injin yankan itace. Su kuwa ba sa jinkiri, domin tun da gas da kalanzir suka yi tsada, musamman daga 2023, itace da gawayi sun zama kuɗi a hannu.

Abin da ya tayar da mu shi ne labarin cewa an yi cinikin tsamiyar da ke bakin layin masallaci. A ƙarƙashinta mai faci yake aiki, a nan 'yan garuwa suke hutawa idan zafin Afrilu ya haura digiri 40. Muka haɗu da wasu dattawa muka je wurin mai unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan tsamiya ta girmi duk wani gida a layin nan. Idan aka sare ta yau, jikokinmu ma ba za su ga kamarta a wurin ba." Ya sa aka kira wanda ya yi cinikin. Ashe kukansa ɗaya ne, wani reshe ya rankwafo kan rufin shagonsa, yana tsoron iskar farkon damina. Muka yi karo-karo aka biya mai gatari ya sauke reshen, tsamiya ta tsira.

Tun daga nan na gane cewa yawancin masu sara ba mugunta ce ke sa su ba. Wani saiwa ce ke tsaga masa katanga, wani ganye ne ke toshe masa kwata, wani kuma kuɗin makarantar yara ne ya taso. Idan ka je da wa'azi kawai, sai a ba ka wuri ka gama a ci gaba da sara. Idan ka je da tsani da igiya da hanyar da za a bi, ana sauraron ka.

Mai unguwa ya yanke cewa duk bishiyar da ke kan hanya ba mai taɓa ta sai an sanar da shi. Wadda ke cikin filin mutum kuwa, roƙo ne kawai namu. Liman ya taimaka ƙwarai da ya karanto hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa Musulmi ba zai dasa bishiya ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta ba, face an rubuta masa sadaka. Wani Alhaji da ya ji haka ya sa magininsa ya karkatar da katanga aka bar gawo a waje. Gawon nan kuwa ba ƙaramin arziki ba ne: da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi shar, daidai lokacin da ake neman inuwa, 'ya'yansa kuma abincin tumaki ne.

Dashe mun yi, amma ba shi ne aikin ba. Kowa na iya tona rami a watan Yuli a ɗauki hoto. Jarrabawar tana farawa ne idan ruwa ya ɗauke, hunturu ya shigo, awaki suka rasa ciyawa. Abin da na gani da idona shi ne, duk dashen da aka ce "na jama'a ne" ya bushe, wanda aka damƙa wa mutum guda da sunansa ya rayu. Mai shayi ya ɗauki darbejiyar gaban teburinsa, ya kewaye ta da ɓarin bulo da ƙayar magarya, kullum da ruwan ɗaurayar kofuna yake ba ta. A masallaci muka haƙa ɗan lambatu daga wurin alwala zuwa gindin madaci da cediya, sai ga ruwan da ke lalata hanya ya zama ban-ruwa sau biyar a yini. Darbejiya asalinta daga Indiya take, tana jure fari, shi ya sa ta cika Kano. Duk da haka na dage a haɗa da cediya da ɓaure da kurna, domin su ne tsuntsaye suka fi zuwa ci.

Maganar namun dawa ta fi wuya. Yara da danƙo ba sa ganin kurciya su bar ta, bushiya kuwa da an gan ta sai jifa. Tsawa ba ta yi amfani ba. Malamin makarantar allo ne ya kawo dabara, ya raba wa manyan almajirai bishiyoyi, kowa ya riƙa faɗa masa irin tsuntsun da ya yi sheƙa a tasa. Yaron da ya kwana biyu yana leƙen ƙwan kurciya har ya ƙyanƙyashe, shi ne yake hana ƙannensa harbi.

Mujiya ce ta fi ba mu wahala. Wata baiwar Allah ta rantse sai an sare ɗorawar bayan gidanta saboda kukan dare. Na ce mata, "Hajiya, ki duba gindin bishiyar da safe." Ta tarar da ɗan dunƙulen gashi da ƙasusuwan ɓera da mujiya ke amayarwa. Ba ta daina tsoron kukan ba, amma ta daina maganar sara. Haka jemagu: ƙazantarsu gaskiya ce, sai dai su ne ke yaɗa irin bishiyoyi cikin dare, don haka muka nemi masu ajiye mota su matsa daga ƙarƙashinsu.

Ungulu dai ta tafi. Mu da muka taso muna ganin ta a mahauta, yau yaranmu ba su san ta ba, kuma tun 2015 irin wadda muka saba gani take cikin jerin tsuntsayen duniya da ke dab da ƙarewa. Shamuwa kam tana zuwa gabanin damina, ta kuma yi sheƙa a kan kukarmu. Damuwar da ke gabanmu yanzu ita ce kududdufin da kukar take bakinsa, wanda ake ta cikewa da shara da ƙasa don a fitar da filaye. Can ne balbela da kwaɗi suke, can kuma ruwan layukanmu yake taruwa a watan Agusta. Mun rubuta wa dagaci takarda da sa hannun masu gidajen da ke kewaye, mai unguwa kuma ya yi alkawarin zai raka mu har gaban hakimi.