Goyon tagwaye: IPv4 da IPv6 a kan waya ɗaya

Ƙannena masu koyon aikin haɗa sadarwa a Akra, ranar da kamfanin intanet ya ba ku IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, kada ku ɗauka ɗan ƙari ne aka yi wa tsohon tsarin, wato IPv4. Sadarwa ce ta biyu sukutum, tana bin waya ɗaya da suwic ɗaya da ta farko, amma da adireshinta, da teburin hanyoyinta, da katangar tsaronta daban. Ni goyon tagwaye nake ce masa, domin shayar da Hassan ba ya ƙosar da Husaini. Kusan duk kurakuran da na tafka a wannan aiki daga mance wannan suka fito.

Dalilin da ya sa aka shiga wannan wahala ba ya buƙatar dogon bayani. Adireshin IPv4 bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, kuma babban rumbun IANA, hukumar da ke raba su ga duniya, ya ƙare tun Fabrairun 2011. AFRINIC, mai raba adireshi a Afirka, ta shiga matakin tsuke hannu na biyu a Janairun 2020, inda mafi yawan abin da za ta ba mai nema shi ne /22, wato adireshi 1,024. Shi ya sa idan ka duba ƙafar rautanka ta waje ka ga lamba tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, to a bayan babban NAT na kamfani kake, wato kuna tarayya da wasu a adireshi ɗaya. IPv6 ta warware wannan, amma shafuka da na'urori masu yawa ba su san ta ba har yanzu, don haka dole a goya duka biyun.

Kuskurena mafi muni shi ne katanga. Shekaru muna fakewa a bayan NAT har muka ɗauka shi ne tsaro. A IPv6 ba a saba yin NAT ba: firinta, kyamarar tsaro da kwamfutar akawu kowacce tana samun adireshin da ake iya kaiwa gare shi daga ko'ina a duniya. A wata makaranta a Nima na kunna IPv6 a kan rautan MikroTik mai manhajar RouterOS 6, inda ɓangaren IPv6 yake zuwa a kashe. Idan ka kunna shi daga baya, teburin katangarsa fanko yake zuwa, ba doka ko ɗaya. Dokoki arba'in na tsara wa IPv4, ɗayan ɓangaren kuma ƙofa a buɗe har da shafin shiga rautan kansa. Haka abin yake a Linux: iptables, mai tsara dokokin katanga, ba ya taɓa fakitin IPv6, sai ip6tables, ko kuma teburin inet na nftables wanda yake kama duka biyun. Ka rubuta dokokin kafin ka ba kowace na'ura adireshi: a karɓi amsar haɗin da aka fara daga ciki, a yar da fakiti marar asali, a bar ICMPv6, wato saƙonnin gudanarwa na IPv6, a bar ƙofar UDP 546 daga adireshin cikin layi masu farawa da fe80 don kamfani ya iya miƙo maka rukunin adireshinka, sauran duk abin da ya taso daga waje a rufe. Sannan ka gwada daga waje, ta layin da ba naka ba.

Da na gane wancan sai na zarce gona da iri, na toshe ICMPv6 gaba ɗaya kamar yadda wasunmu suka saba toshe ping a IPv4. Wannan ya fi kowanne ɓata lokaci, don haka ku natsu a nan. IPv6 ba ta da ARP, hanyar da ake gano maƙwabta a IPv4. Na'urori suna gano maƙwabtansu da rautansu ne ta saƙonnin ICMPv6 masu lamba 133 zuwa 136. Ka toshe su, komai ya tsaya cik, wannan ma da sauƙi tunda nan take za ka gani. Mai wuyar ganewa shi ne lamba 2, saƙon da ke cewa fakiti ya yi girma. Rautocin kan hanya ba sa yanka fakitin IPv6 gunduwa-gunduwa. Yar da shi suke yi, su aika wa mai turowa cewa ya rage. Idan saƙon bai isa ba, haɗi zai ƙullu lafiya, ping zai amsa, sunan shafin zai fito a saman burauza, sai da'irar nan ta yi ta juyawa a kan farin allo. Ƙananan fakiti sun wuce, manya sun maƙale. Layin PPPoE, irin wanda ake shiga da suna da kalmar sirri, yana ɗaukar fakiti mai bayit 1492 ne maimakon 1500, saboda haka girman MSS, wato iyakar bayanan da fakiti ɗaya zai ɗauka, ya zama 1452 a IPv4, amma 1432 a IPv6, domin kanta bayit 40 ne, ba 20 ba. Ni na saita na farko na mance na biyu. Gwajinsa a Linux shi ne ping -6 -M do -s 1444. In ya wuce amma 1445 ya dawo da ƙorafin girma, hanyar lafiya take. In kuwa shiru ka ji, akwai mai haɗiye saƙon a tsakani. A bar saƙonnin ICMPv6 masu lamba 1 zuwa 4 su wuce, da 128 da 129 na ping.

Abin da ke sa irin wannan ɓarna ta daɗe ba a gano ba shi ne wayon burauza. Tana fara gwada IPv6, in ba ta ji amsa ba cikin kusan kashi ɗaya bisa huɗu na daƙiƙa sai ta koma IPv4 ba tare da ta gaya wa kowa ba. Kai kuwa ka buɗe shafi ka ga ya zo, ka ce aiki ya yi. Manhajar lissafin kuɗi ko ta ajiyar bayanai da ba ta da wannan dabara ita ce za ta tsaya tana jira har lokaci ya ƙare. Don haka buɗe shafi ba gwaji ba ne. Ka yi curl -4 sannan curl -6, kowanne shi kaɗai, haka ma traceroute, kuma na'urar sa idonka ta riƙa duba kowace saba, wato kwamfuta mai ba da hidima, sau biyu.

Wajen rabon adireshi kada rowar IPv4 ta biyo ka. Kowane ɓangaren sadarwa /64 ake ba shi, ko da kwamfuta uku ce a ciki, domin SLAAC, wato yadda na'ura ke ƙirƙirar adireshinta da kanta, ba ya aiki da abin da ya fi haka ƙanƙanta. Ka nemi /56 daga kamfani, wanda ke ba da ɓangarori 256, ko /48 mai 65,536. Na taɓa karɓar /64 guda na yanka shi don ya ishi VLAN huɗu, wato ɓangarori huɗu a kan suwic ɗaya, na ce DHCPv6, manhajar rabon adireshi, zai raba. Kwamfutocin Windows suka samu, wayoyin Android ko ɗaya, don Android ba ya karɓar adireshi ɗaya-ɗaya daga DHCPv6. A ofishin da kusan kowa Tecno ko Infinix ke hannunsa, ka san abin da hakan ke nufi. Ka bar SLAAC a kunne, ka sa adireshin DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, a cikin sanarwar rauta.

Ita ma sanarwar rauta sai an tsare ta. Duk na'urar da ta yi shelar cewa ita ce rauta, sauran za su yarda su bi ta. Ɗan ƙaramin rautan gida da wani ya sayo a kasuwar Circle ya soka a bango da ƙafar da ba daidai ba ya isa ya janye zirga-zirgar bene guda zuwa inda ba mafita. A kunna kariyar RA, wato mai tare sanarwar rauta ta bogi, a duk ƙofofin suwic in ban da wadda rautan gaskiya ke kai.

Sai matsalar da dumso, wato yawan ɗaukewar wuta, ke jawo mana. Idan kamfani yana canza maka rukunin adireshi duk lokacin da rauta ya tashi, kuma wuta ta ɗauke rautan ya mutu alhali suwic da akwatin wayfai suna kan batir, kwamfutocin ba za su san tsohon rukunin ya daina aiki ba. Rauta ya dawo da sabon rukuni, su kuma suna riƙe da tsoho tare da sabo. Ka buga ip -6 addr za ka ga layi biyu masu kai daban-daban, tsohon yana nuna sauran kwanaki kafin ya mutu, domin ƙa'idar asali kwana 7 ce ta fifiko, kwana 30 ta inganci. Duk haɗin da ya fita da tsohon adireshi ba zai ga amsa ba. Magani uku ne: ka roƙi rukuni na dindindin, ka sa rauta a kan batir ɗaya da suwic, kuma ka rage wa'adin zuwa daƙiƙa 2700 da 5400.

Rikodin AAAA a DNS, wanda ke haɗa sunan shafi da adireshinsa na IPv6, shi ne na ƙarshe da za a sa, ni kuwa da shi na fara. Daga lokacin da ka wallafa shi, masu IPv6 ta nan za su zo, ko sabarka tana saurare ko ba ta yi. Let's Encrypt, mai ba shafuka takardar shaidar tsaro, shi ma ta IPv6 yake fara tantancewa, sai ka ga sabunta takardar shaida ya faskara alhali shafin yana buɗewa a wurinka. Ka rage TTL, wato wa'adin da ake riƙe rikodin, zuwa daƙiƙa 300 tun kwana ɗaya kafin aikin, ka tabbata manhajar shafin, nginx ko Apache, tana saurare a duka biyun, ka gwada da adireshin kai tsaye, sannan ka wallafa. Sabar wasiƙu kuma tana buƙatar rikodin PTR, mai mayar da adireshi zuwa suna, na adireshinta na IPv6 da ƙarin ip6 a cikin SPF, jerin masu izinin aika wasiƙa da sunanka, in ba haka ba Gmail zai iya mayar maka da saƙonninka.

Jerin adireshin da aka yarda su shiga rumbun bayanai, da VPN ɗin da ke ɗaukar IPv4 kaɗai ya bar IPv6 ta bi ta gefe a fili, da OSPF, tsarin musayar hanyoyi tsakanin rautoci, da ke buƙatar siga ta 3, duk a sake duba su. A rajista kuma ka riƙa bin /64 ko lambar MAC ta katin sadarwar na'ura, domin wayoyi da kwamfutoci suna sauya adireshin wucin gadi kusan kullum, kuma wanda ka toshe jiya ba shi ne a hannun mai shi yau ba.