Memorin Baba Sale

Laraba. An kwana ana yayyafi, sai hantsi rana ta leƙo, shi ya sa solar bai ɗauki cajin kirki ba. Na buɗe shagona na cajin waya da batir rabi. Habu ya tafi gona maimai, ni kaɗai ne.

Wajen sha ɗaya Baba Sale ya jingine kekensa a jikin dalbejiya, ya shigo da sallama. Ya zaro wata 'yar leda daga aljihun gaba, ya warware ta a hankali kamar mai warware laya, ga memori a ciki. Irin tsohon nan ne mai giga 2, rubutun jikinsa ma ya fara gogewa. Ya ce, "Ɗana, tafsirin azumin da ya wuce nake so ka zuba min gaba ɗaya. Da daddare nake ji in na kwanta."

Na zura a kwamfuta. Akwai wa'azozi da karatun Alƙur'ani kusan saba'in a ciki, kuma ta nuna saura fiye da giga 1. Na ce Baba ai wuri har ya yi yawa. Na ɗebo tafsirin na tura, muka shiga hirar taki da tsadarsa. Talatin da 'yan kai sun shiga, sai ta tsaya cik, wai ba za ta iya ajiye fayil ɗin ba. Fayil ɗin mega 9 ne kacal. Na sake turawa, ta ƙi. Na zare na hura masa iska, na goge da gefen riga na mayar, ta ƙi. Na ɗauko wani ɗan hoto da bai kai mega 1 ba na gwada, shi ma ta ƙi. Ga fili ina kallonsa da idona, amma ko allura ba ta shiga.

Abin da ya zo bakina shi ne abin da na saba faɗa. Na ce, "Baba, memorin nan ya gaji, ko kuma dama jabu ne. Akwai sabo a nan mai giga 8."

Bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan Marigayi Auwalu ne ya sayo min daga Kano shekarar da ya fara aiki. Auwalu ba ya sayen jabu." Ya miƙo hannu zai karɓa. Wallahi sai na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Na ce ya yi haƙuri ya bar min shi zuwa la'asar. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "To, amana." Ya hau kekensa.

Bayan azahar na hau tudun bayan masallaci inda sabis yake kamawa, na kira ƙanina Nura a Dutse. Yana tsakiyar karatu amma ya fito. Ina gama bayani ya ce, "Yaya, a waje kake zuba su ko a cikin folda?" Na ce a waje mana, tsofaffi ba sa son neman abu a cikin folda. Ya ce to nan gizo ke saƙar.

Ga yadda ya warware min. Memori mai giga 2 zuwa ƙasa yawanci da tsohon tsarin FAT16 yake zuwa. A tsarin nan, farfajiyar katin, wato inda ido ke fara sauka kafin a shiga kowace folda, gurbin suna 512 kawai gare ta, ba ya ƙaruwa. In gurbin ya ƙare, ko rabin katin a buɗe yake ba abin da zai sake shiga wurin. Na ce ai fayilolin Baba duka ɗari ne da 'yan kai, ina aka kai 512? Ya ce dogon suna ba gurbi ɗaya yake ci ba. Kowane harafi 13 gurbi guda ne, sannan a ƙara ɗaya na fayil ɗin kansa. Na tuno yadda nake raɗa musu suna don mutum ya gane ba sai ya buɗe ba: "Tafsirin Azumi Rana Ta Sha Biyar Suratul Kahfi.mp3". Na ƙirga a ƙasa da tsinke, harafi 50 har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Gurbi 5 ke nan. Ɗari sau biyar, ga shi nan an iso. Sai abin ya zo min kamar tasha ranar kasuwa: mota da sauran kujeru, amma takardar da ɗan kamasho ke rubuta sunayen fasinja ta cika har baya.

Kafin sabis ya ɗauke ya tuna min da bidiyon bikin ƙanwar Habu, wanda ya ƙi shiga filashi mai giga 32 alhali babu komai a ciki. Wannan kuma wani tsarin ne, FAT32, ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, sai dai a raba shi biyu ko a yi wa filashin fomat zuwa sabon tsarin exFAT, shi ma ba kowace tsohuwar talabijin ce ke karanta shi ba. A lokacin na ɗora laifin a kan mai ɗaukar bidiyon.

Na dawo shago da sauri. Ita kanta foldar gurbi take buƙata, don haka sai da na fara kwashe fayil biyu zuwa kwamfuta. Na buɗe folda na sa mata suna TAFSIRI, na kwashe na bana na zuba a ciki, na turo ragowar. Suka shige ɗaya bayan ɗaya, ko tari ba ta yi ba. Na mayar da biyun nan. Har yanzu da sauran wuri.

Da la'asar Baba Sale ya dawo. Na sa masa a wayarsa, na nuna masa inda zai danna sau biyu ya shiga foldar, muka maimaita har sau uku. Muryar malam na tashi ya kara wayar a kunne yana gyaɗa kai. Na ce, "Baba, ka yafe ni, memorinka lafiyarsa ƙalau. Ni ne ban sani ba." Ya ce, "Na gaya maka ai. Allah ya yi maka albarka." Ya ajiye kuɗi, na ce ya bar shi, ya ƙi.

Ya kamata in yi murna, kuma na yi ta ɗan lokaci. Inna ta aiko da dambu, na ci. An kawo caji goma sha huɗu. Hadari ya haɗo ta gabas ya baje.

Amma tun magariba idona ke komawa kan gwangwanin madarar da ke ƙarƙashin tebur, inda nake jefa memorin da na ce wa masu su sun mutu. Jabu akwai shi, ba ƙarya ba ne, na sha ganin wanda aka rubuta giga 32 a jikinsa, ka zuba kaya ya nuna sun shiga, ka buɗe ka tarar da rabi ba sa kunnuwa. Wannan daban. To amma nawa daga cikin na gwangwanin nan ne irin na Baba Sale? Kowanne da aka jefa a ciki, mai shi ya zaro kuɗi ya sayi sabo a hannuna, kuma ya tafi yana min godiya. Ban yi da niyyar cuta ba, Allah ya sani, amma kuɗin dai aljihuna suka shiga.

Bayan isha na kunna fitila na juye gwangwanin. Guda tara ne. Shida ko motsi ba su yi ba. Ɗaya ya buɗe amma jabu ne tabbas. Biyu kuwa, masu giga 2, ina buɗe musu folda suka karɓi kaya. Ɗayan na gane shi da hotunan sunan jariri, na Iya Abu ne, gobe da safe zan kai mata har gida tare da kuɗinta. Ɗayan waƙoƙin Fulatanci ne da hoton wani farin bijimi an ɗauke shi ta gefe uku. Na tuna yaron, siriri mai malafa, daga rugar da ta sauka bayan fadama bara. Sun tashi tun kaka, ban ma tambayi sunansa ba. Na naɗe shi a takarda, na rubuta "yaro mai farin sa" a kai, na sa a aljihun teburin sama.