Abin da gyaran banɗaki ya koya mini a Zariya

Yawancin masu gidan da ke kirana gyaran banɗaki sun gama zaɓen tayil tun kafin in iso. Wani har ya je Sabon Gari ya yi ciniki, wani kuma hoto zai nuna mini a waya, banɗakin wani otal a Dubai mai shawa faffaɗa kamar faifai. Ni kuwa tambayata ta farko ba ta canzawa: "Alhaji, ruwan gidan nan daga ina yake zuwa, kuma in an yi amfani da shi ina yake tafiya?" Amsar nan ce ke yanke hukuncin sauran aikin.

Kowa ya san famfo ba kullum yake zuwa ba a garin nan. Gida ko dai bohol da tanki, ko rijiya, ko 'yan garuwa. Ƙarfin ruwan shawa daga tsayin tanki yake fitowa, kowace mita 10 tana ba da kusan 'bar' ɗaya, wato ma'aunin matsin ruwa. To kan shawa yana wajen mita 2 daga ƙasa. In tankin yana mita 4, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na 'bar' ɗin ba, wannan faffaɗar shawa sai dai ta yi ta tsiyaya. Ko a ɗaga tanki, ko a sa ƙaramin injin tura ruwa wanda shi ma sai da wuta, ko a haƙura da ƙaramin kai. Kowanne aka zaɓa, ina barin famfo a ƙasa da wurin ajiye bokiti, don ranar da tanki ya ƙafe can za a koma.

Haka masai na zama. Na zamani yana shan lita 6 a kora ɗaya, tsofaffin kan sha 9 ko fiye. Jarkar lita 25 kora huɗu ke nan. Gidan da ke sayen ruwa, mai yara da baƙi, ya kamata ya yi wannan lissafi kafin ya fasa na tsuguno. Amma in akwai tsohuwa mai ciwon gwiwa, na zaman ya zama dole, tare da ƙarfen kamawa a bango. Irin wannan bayani ba a bakin maigida nake samunsa ba. Sai na nemi izini an tambayo mini uwargida, ita ta san lungun da ruwa ke kwanciya da inda yaro ya taɓa zamewa. Batun alƙibla ma tun a takarda ake daidaita shi, kada mai zama ya fuskance ta ko ya ba ta baya, domin in an binne bututu, juya masai sai an sake fasa daɓe.

Inda na fi tsananta wa ma'aikata shi ne gangara. Ido ba ya ganinta, shi ya sa ake ha'inci a kanta. Daɓe yana bukatar saukar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa rariya. Bututun masai mai inci 4 kuma kusan santimita biyu da rabi a kowace mita. In ta gaza, ƙazanta ta kwanta a ciki. Ba na biyan mai tayil cikon kuɗinsa sai na kwara bokiti guda a ƙasa a gabansa mun tsaya muna kallo. Sau da yawa sai ka ga ruwa ya nufi ƙofa, ko ya taru a bayan masai.

"Oga, ai da tsintsiya za a kore shi."

"Malam, wa zai yi ta korar, kai ko matar gidan?"

A banɗakinmu da buta da alwala sau biyar a rana, ƙasa ba ta cika bushewa ba, saboda haka tayil mai sheƙi na bango ne, na ƙasa sai mai kaushi. Kowace rariya kuma a sa mata lanƙwasar da ke riƙe ruwa tana tare wari, a kuma fitar da bututun iska sama da rufi. Af, in banɗakin baƙi ya fara wari da hunturu, sau tari ba toshewa ba ce, iska ce ta busar da ruwan lanƙwasar. Buta ɗaya ta isa magani.

Gidajen cikin birni, wajen su Kwarbai, lamarinsu daban ne. Da yawa ginin ƙasa ne aka shafe da siminti. Ka binne bututu a irin wannan bango ya yi ɗan yoyo, tayil zai ɓoye danshin, ƙasar tana jiƙa a hankali, sai ruwan Agusta ya zo ya ƙarasa. A nan na fi son a ja bututu ta waje inda ake ganinsa, ko a tayar da siririn bangon bulo daga ciki. Masu gida ba sa son ganin bututu a fili, na sani, amma a kan wannan ba na sassautawa.

Sokawe kuwa, abin da masana lafiya suka fi ba da shawara shi ne tazarar mita 30 tsakaninsa da rijiya. Filayen Tudun Wada da Samaru ba kowanne ke ba da haka ba, kuma rijiyar da ta fi kusa da raminka wataƙila ta maƙwabci ce. Sai an leƙa an yi magana da shi kafin a sa diga.

Sauran ƙanana ne. In za a sa hita saboda sanyin Disamba, bututun ruwan zafi ya zama PPR, wato na roba mai jure zafi, a kuma haɗa wa hitar wayar ƙasa mai kare mutum daga jan lantarki. A cika bututu da ruwa ya kwana kafin a rufe shi da siminti. A sayi tayil da rarar kashi 10 cikin ɗari lokaci guda, don in an koma kasuwa bayan wata biyu da wuya a samu launin da ya yi daidai. Gida mai banɗaki ɗaya kuma, a san inda iyali za su kewaya kafin lebura ya ɗaga guduma.