Gyaran ɗakin gwajin amfanin gona ya wuce shafa fenti

Ana gyaran wani ginin gwamnati a nan Legas wanda ya haɗa ofisoshi da ɗakin gwajin amfanin gona, inda mu fatake muke kai samfurin riɗi da citta da zoɓo kafin a loda su a kwantena zuwa tashar Apapa. Tun daga bakin ƙofa za ka ga an shafa sabon fenti, an shimfiɗa tayil a ofisoshi, amma ni hankalina yana can baya, wajen da na'urori suke.

Duk mai fataucin hatsi bai manta da 2015 ba, shekarar da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari, irin wanda muke kira fiya-fiya, da aka samu a jikinsa. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo, kuma na'urar da za ta iya gano abu kaɗan haka ba ta jure zafi, ba ta jure ƙura, balle wutar da ake ɗaukewa ana tsaka da aiki. Idan wuta ta katse, sai a sake gwajin daga farko, kayan mutum kuwa suna jibge a sito yana ta biyan haya.

Sannan ga yanayin Legas, wanda ba irin na Kano ko Kachia ba ne. Iskar teku tana sa ƙarfe tsatsa da wuri, danshin damina kuma yana shiga bango, har na taɓa ganin buhunan samfurin gyaɗa jere a ƙarƙashin silin mai yoyo, an kara bokiti a gefensu. Fumfuna ce ke haifar da gubar afulatoksin, saboda haka gyaɗar da ta jiƙe a can tana iya faɗuwa gwaji alhali lafiya lau ta baro ƙauye.

A ganina rufi ya kamata a fara gyarawa, sai wayoyin wuta, da sola ko janareta na ɗakin gwajin shi kaɗai, da na'urar sanyaya ɗaki. Ma'aikata ma sun cancanci ofis mai kyau, ban ƙi ba, sai dai mai saye a Turai takardar sakamako yake dubawa, kuma zai tambaya ko ɗakin yana da shaidar ISO 17025, wato shaidar ƙasa da ƙasa da ke tabbatar da ƙwarewar ɗakin gwaji.